Darasi: Yadda ake saita kujerar ofis, da aikin injin da ke ƙarƙashinta

Da yawanmu da waya muka fara, daga baya muka koma laftop, ko don koyon kodin, ko zane, ko tace bidiyo. Daga nan zaman awa shida ko takwas ya fara, kwankwaso ya soma magana, sai mutum ya tara kuɗi ya sayi kujera mai taya. Amma liba ɗaya kawai akasarin mutane suke taɓawa, ta hawa da sauka. Sauran abubuwan yadda aka kawo su daga shago haka suke zama har kujerar ta mutu.

Ka kifa kujerarka ka duba. Za ka ga wani farantin ƙarfe ko akwati a manne da mazauni. Shi ne injin kujera, kuma shi ne darasinmu na yau.

Mu fara da sandar tsakiya. Silinda ce, a cikinta akwai fistin da iskar naitirojin da aka matse. Idan ka ɗaga liba, tana danna wani ɗan maɓalli a saman silindar, bawul ya buɗe, iskar ta samu hanyar wucewa daga wannan gefe na fistin zuwa wancan. In kana zaune, nauyinka zai rinjaye ta, kujera ta sauka. In ka tashi, ita za ta tura kujerar sama. Kana sakin liba bawul ya rufe, komai ya tsaya cak. Iskar ba ta fita waje, shi ya sa ba a yi mata ƙari kamar taya. Kujerar da ke sauka da kanta kana zaune, robar da ke toshe iskar ce ta cinye. Silindar kaɗai ake canzawa, kuma yawancinsu bakinsu ɗaya ne. Ana raba su aji 1 zuwa 4, aji na 4 ya fi kaurin ƙarfe. Kada ka kai ta wurin mai walda, kada ka huda ta. Abu ne mai matsi, zai iya yi maka rauni.

Saitin tsayi ba shi da wuya: tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, cinya ta miƙe daidai da ƙasa. Idan teburinka ya yi tsawo, ɗaga kujerar har gwiwar hannunka ta zo daidai da tebur, sannan ka sa katako a ƙarƙashin ƙafa.

Yanzu ga inda maganar take, wato kishingiɗa. Injinan ba iri ɗaya ba ne.

Mafi araha shi ne wanda mazauni da majingina suke haɗe kamar abu ɗaya, suna lilo a kan tsakiyar kujera. Kana jingina baya, gaban mazaunin zai ɗaga, ya danne maka ƙarƙashin cinya, diddigenka ya bar ƙasa. Ba mai jure wannan na tsawon lokaci, don haka mutane suke kulle shi su manta. Akwai kuma wanda aka matsar masa da wurin lilon zuwa gaba, kusa da gwiwa. Shi in ka jingina bayan mazaunin ne yake sauka, ƙafarka na nan a ƙasa.

Na uku shi ne wanda masu sayarwa ke kira sinkuro. A nan mazauni da majingina kowa da tafiyarsa, amma an ɗaure su da lissafi: a yawancinsu, idan majingina ta koma baya digiri 2, mazauni digiri 1 kawai zai karkata. Ka ga jikinka ya buɗe daga ƙugu, ƙafa ba ta tashi ba, idonka kuma bai bar sikirin sosai ba. A ganina, ga mai aikin kwamfuta, gara kujera mai sinkuro maras ado da wata ƙatuwar kujerar manaja mai sheƙi da injin lilo na tsakiya.

Duk waɗannan ba za su yi maka amfani ba sai ka saita ƙarfin sifirin. A ƙarƙashin mazauni, ta gaba, akwai wani dunƙulen roba mai kama da kofi. Murɗa shi na matse sifirin ɗin da ke riƙe bayanka ko ya sassauta shi. Ga yadda za ka yi. Buɗe makulli tukuna. A ƙananan kujeru libar hawa da sauka ce dai, in ka ja ta waje ta buɗe, in ka tura ta ciki ta kulle. Sai ka jingina. Idan ka tafi baya gaba ɗaya kamar za ka faɗi, sifirin ya yi sako-sako, ƙara matsewa. Idan sai ka dogara ƙafa ka tura da ƙarfi, ya yi tauri, sassauta. Abin da ake nema shi ne ka iya tsayawa a tsakiyar hanya, kujerar ta riƙe ka ba tare da ka yi kokawa da ita ba. Kada ka gaji da murɗawa, wasu sai an juya su sau da yawa kafin a ji bambanci. Mai kilo 55 da mai kilo 90 ba za su taɓa zama a saiti ɗaya ba, shi ya sa kujerar da ake rabawa a shagon intanet ba ta yi wa kowa daɗi.

Wasu kamfanoni sun cire dunƙulen baki ɗaya. Kujerar Freedom ta kamfanin Humanscale na Amurka, wadda Niels Diffrient ya zana ta fito a 1999, da nauyin mai zama take auna ƙarfin kishingiɗa da kanta. Yanzu akwai masu araha da suka bi wannan tsari.

Wani abu da ke ruɗa mutane: a kujeru masu sinkuro da yawa, in ka buɗe makulli majingina ba za ta motsa ba sai ka ɗan danna ta da bayanka. Ba lalacewa ba ce. An yi haka ne don kada ta zabura ta doke ka.

Ragowar ba su da dogon bayani. Idan mazauninka na zamewa gaba da baya, bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakinsa da bayan gwiwarka. Tudun da ke jikin majingina a lanƙwasar ƙugu ake ajiye shi, kaɗan sama da inda bel yake zama. Hannun kujera kuma, ko 2D aka rubuta ko 4D, yawan ɓangarorin da yake motsawa ne kawai; ka sauke shi har kafaɗarka ta saki.

In 'yar gwanjo za ka saya, zauna a kai a shagon kamar minti biyar a tsayinta na ƙarshe, ka ga ko za ta sauka. Murɗa dunƙulen hagu da dama, ka tabbata ana jin canji. Sannan ka kifa ta ka duba wuraren da sukuru suka riƙe injin da mazauni, domin a nan katakon ciki ya fi tsagewa.