Takin Maroko da Manomin Fakku

Sa'ad da damina ta matso ba zancen da ya fi yawa a bakin manoma kamar zancen kuɗin taki. Manomin Fakku, can ƙasar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, ya ji an ce Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko domin takin zamani ya yi araha. Ya kuwa ga arahar da idonsa na 'yan shekaru, sa'an nan buhun da aka sa wa naira 5,500 a 2017 ya koma ba ya sayuwa sai ga mai hali. Wani ya ce Maroko ce ta saɓa alkawari, wani ya ce 'yan kasuwa ne suka ɓoye kaya. Wanda ya ke son ya san gaskiyar al'amarin, sai ya kwance bakin buhun ya dubi abin da ke ciki, gama amsar tana nan.

Ga yadda abin ya faro. A farkon watan Disamba 2016 Sarkin Maroko, Muhammadu na Shida, ya kawo ziyara Abuja. A gabansa, shi da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, aka sa hannu a takarda tsakanin kamfanin OCP, wanda shi ke riƙe da ma'adinin fosfet na Maroko, da ƙungiyar masu yin taki da sayar da shi ta Nijeriya, wadda a ke kira FEPSAN. Maroko ta yarda za ta riƙa aiko da wani sinadari mai suna DAP bisa rangwame, a haɗa shi a nan da kayan gida. Gwamnati ta naɗa kwamiti, ta ba Gwamnan Jigawa na lokacin, Muhammadu Badaru Abubakar, shugabancinsa, ta kuma danƙa sha'anin kuɗi da sayen kaya ga hukumar NSIA mai juya ajiyar kuɗin ƙasa.

Dalilin da ya sa aka nufi Maroko ba ɓoyayye ba ne. Kashi 70 cikin 100 na dutsen fosfet da aka sani a duniya, ko kusa da haka, a ƙasarta ya ke. Ita kuwa ƙasar noma ta Arewa, tun gwaje-gwajen da aka yi a Samaru zamanin Turawa aka gane fosfet ya yi mata ƙaranci ƙwarai, shi ya sa cikin shekarun 1950 aka yi ta jawo hankalin masu noman gyaɗa su sa takin sufa. Nijeriya kuma tana da iskar gas mai yawa, wadda da ita a ke yin yuriya. Kowa yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa, ciniki kuwa daga nan ya kan tashi.

To, a koma ga buhun. Takin da aka haɗa shi ne kamfa mai lamba 20:10:10, buhu mai kilo 50. Lambar farko ta naitirojin ce, mai sa ganye ya yi kore shar, kara ya miƙe. Ta biyu ta fosfet ce, mai kafa saiwa da cika ƙwaya. Ta uku ta fotash ce, mai ƙarfafa shuka ta jure cuta da fari. Abu huɗu a ke zubawa a injin a gauraya. Akwai yuriya wajen kilo 18, ta gida ce, daga masana'antun Fatakwal. Akwai tsakuwar farin dutse, irin wanda a ke yin siminti da shi a Kalambaina, wajen kilo 13 da rabi, ita ma ta gida ce, babban aikinta cika awo. Akwai fotash kilo 8, wanda a ke sayowa daga Turai, galiba wajen Rasha. Sa'an nan DAP na Maroko kilo 10 da rabi.

Mai karatu ya riƙe wannan lissafi da kyau. Rabon Maroko a buhun bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba sai da kaɗan. Yarjejeniyar a kan wannan kason kaɗai ta tsaya. Ba ta ce kome ba a kan fotash, ko kuɗin mota, ko darajar naira.

Amfaninta ya fito da wuri, ba kuwa mai musunsa. A 2016 buhun kamfa ya kai naira 8,000 zuwa 10,000, wani wuri ma ya zarce. A 2017 aka yanka masa naira 5,500, aka buga kuɗin a jikin buhu domin kowa ya gani. Dila yana ɗauka a masana'anta 5,000, ya sayar da ribar 500. A 2020, shekarar annobar korona, har aka rage wa manomi zuwa 5,000.

A ɗauka ga manomi a Fakku mai gonar gero hekta guda, watau eka biyu da rabi. Awon da masana suka saba bayarwa domin gero shi ne naitirojin kilo 60, fosfet 30, fotash 30. Kowane buhu na 20:10:10 yana ɗauke da kilo 10, da 5, da 5. Buhu shida ke nan suka cika awon daidai wa daida, kuɗinsu naira 33,000 a farashin 2017. Ba kowa ke iya sayen shidan ba, gaskiya ne, amma wanda a da ya ke sayen mudu-mudu ya sami halin ɗaukar buhu ɗaya ko biyu, bambancin kuwa ya kan nuna a zangarniya.

Amfani na biyu ya fi wannan daɗewa, ko da ya ke manomi bai cika ganinsa ba. Kafin yarjejeniyar, yawancin kamfa a haɗe a ke kawo shi daga waje cikin buhunansa, watau har tsakuwar cika awon sai an biya mata kuɗin jirgin ruwa da dala. Masana'antun haɗa taki na gida kuwa suna nan a rufe, injuna na tsatsa. A 2017 aka tada goma sha ɗaya daga cikinsu, a wurare irin su Kaduna da Kano da Funtuwa da Minna da Jos da Bauci. Kafin a cika shekara biyar yawansu ya haura 40. Leburori sun sami aiki, da direbobi, da masu saƙa buhu, da 'yan dako. A zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal kamfanin OCP ya aza harsashin tasa masana'antar a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato. Har wa yau kamfanin ya yi yawo da motar awon ƙasa a jihohi da dama, yana gwada ƙasar gonaki kyauta. Aiki ne mai kyau, sai dai mutum ya tuna mai sayar da magani ne ya duba maras lafiyan.

Yanzu sai illolin, su ne kuma suka fi bukatar bayani.

Naira 500 ɗin nan da aka bar wa dila, ita ce ribarsa, ita ce kuma kuɗin motarsa. Ga dilan Kaduna wanda masana'anta ke bayan gidansa, ta isa. Amma wanda zai ɗauko daga Funtuwa ko Kano, ya sauke a Tambuwal ko Jega, sa'an nan a sake lodi a ƙaramar mota a bi hanyar ƙauye zuwa Fakku cikin damina, ina 500 za ta kai shi? Ko dai ya ƙara kuɗi a kan abin da aka buga a buhu, ko ya ƙi kawowa. Farashi ɗaya ga ƙasa duka yana da daɗin ji, amma na kusa da titi ne ya fi morarsa. Kayan ma kansu daga bakin teku su ke tasowa, tafiyar fiye da mil 600 kafin su iso Sakkwato, in jirgi ya yi jinkiri a tasha sai taki ya iso bayan gero ya yi kara, sa'ad da amfanin fosfet ya ragu ƙwarai, tun da shi a farkon shuka a ke bukatarsa.

Sa'an nan ga zancen iri ɗaya. Takin 20:10:10 ya dace da gero da dawa da masara. Bai dace da gyaɗa da wake ba, domin su suna samo naitirojin da kansu ta 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwarsu. Abin da su ke so fosfet ne. Buhun sufa yana ba da wajen kilo 9 na fosfet, na 20:10:10 kuwa kilo 5 kaɗai, saura kuɗin mai gyaɗa ya tafi ga abin da zai sa gonarsa ta yi ganye, ƙwaya kuwa ba yawa. Masu albasa a fadama kuma da yawansu sun saba da 15:15:15. Domin a kare masana'antun gida, a watan Disamba 2018 Babban Banki ya sa taki cikin jerin kayan da ba za a ba mai shigo da su dala ba, ba a janye wannan jeri ba sai Oktoba 2023. Kariyar ta taimaki masu masana'anta, amma ta rage wa manomi zaɓi, ta kuma rage masu gasa a kasuwa. Inda masu sayarwa suka yi kaɗan, mai saye ba shi da bakin taya.

Babbar illa ita ce wadda lissafin buhu ya riga ya nuna. Rangwame aka yi a kan DAP, ba kyauta ba, da dala kuma a ke biya. A 2017 dala guda tana wajen naira 360 a kasuwa, watau buhun 5,500 dala 15 ne da 'yan kai. A 2024 dala ta kai wajen naira 1,500. Ko da a ce ba abin da ya motsa a duniya, dala 15 ɗin nan kaɗai ta zama naira 22,500. Ko yuriyar gida ba ta tsira ba, gama masu yin ta suna da kasuwa a waje, da farashin waje su ke auna na gida, har bayan buɗe babbar masana'antar Dangote a Ikko cikin Maris 2022.

Abubuwa kuwa sun motsa. A 2021 aka sabunta yarjejeniya da Maroko, amma a shekarar nan Gwamnati ta sake tsari: NSIA ta tsaya ga shigo da kayan haɗi ta sayar wa masana'antu, su kuma su haɗa su sayar da kuɗin da kasuwa ta ba su. Daga nan zancen 5,500 ya ƙare. A Fabrairu 2022 yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren, fotash ya yi wuya, har sai da Nijeriya ta aika Kanada neman na gaggawa. Tan guda na DAP, wanda bai kai dala 400 ba a 2017, ya haura dala 900 a kasuwar duniya. Buhun kamfa ya wuce naira 20,000 a shekarar, a 2024 ya wuce 30,000. Buhu shidan manomin Fakku sun tashi daga 33,000 zuwa fiye da 180,000. Cikin dukan wannan ba inda Maroko ta saɓa abin da ta sa wa hannu. Jama'a ne suka ɗauka an yi musu alkawarin buhu sukutum, alhali alkawarin kashi ɗaya cikin biyar aka yi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ya dami mutumin Sakkwato fiye da kowa. Dutsen fosfet ɗin nan da a ke ɗaukowa daga ƙetare, akwai irinsa a ƙasar Dange da Shuni, jijiyarsa ta miƙe arewa har Tawa cikin Nijar. An daɗe da saninsa, masana sun gwada shi a gona. Bai kai na Maroko yawa ba ko kusa, dunƙule-dunƙule ne warwatse cikin yumɓu, haƙarsa da wanke shi sai an kashe kuɗi. Amma muddin na waje yana zuwa da rangwame, wane attajiri zai zuba dukiyarsa a ramin Dange? Araha ta kan sa mutum ya manta da abin da ke bayan ɗakinsa. Haka kuma rabin cinikin da ya fi muhimmanci ga Nijeriya, watau babbar masana'antar da za ta haɗa gas na nan da fosfet na can a yi DAP a gida, a Yuni 2018 aka sa mata hannu a Rabat, a 2021 aka ambaci Jihar Akwa Ibom a matsayin mazauninta. Sai ran da DAP ya fara fitowa daga cikinta sa'an nan za a ce kowane ɓangare ya sayar wa ɗan'uwansa. Kafin nan ɗaya ne mai sayarwa, ɗaya mai saye.

Duk da haka, in aka ɗora a ma'auni, yarjejeniyar ta fi rashinta. Masana'antun da ta tada suna nan, shekara huɗu na araha kuma ba abin rainawa ba ne. Kuskuren shi ne jingina noman ƙasa duka a kanta.

Manomi ba shi da iko a kan dala, amma yana da iko a kan abin da ya ke zubawa a gonarsa. Ya karanta lambobin nan uku kafin ya biya, in bai iya ba ya sa ɗan makaranta ko malamin gona ya karanta masa. Mai gyaɗa da wake ya nemi sufa. Kada a watsa kamfa a bisa ƙasa iska da ruwa su kwashe, a tona ɗan rami nesa da gindin shuka kamar tsawon yatsa, a zuba cikin murfin kwalba, a rufe, cikin mako biyu na farko bayan tsiro. Takin shanu da na bola ba su rasa darajarsu ba, ƙasa mai rairayi ma ba ta riƙe takin zamani sai da su, saboda haka wanda ya sami Fulani su kwana da shanu a gonarsa da rani kada ya yi ƙyashin damin dawar da zai ba su. Ɗan kasuwa da ke sayar da taki a kwano kuma ya sani tun 2019 akwai dokar ƙasa mai hukunta gauraya taki da rage awo.

Masu hali su haɗa kuɗi, mutum goma ko ashirin, su sayi nasu da kaka sa'ad da hatsi ke hannu, hanya kuma a bushe, su ɗauko mota guda. A ajiye buhunan bisa katako cikin ɗaki maras laima, nesa da bango, kada a buɗe bakinsu sai ran da za a sa.