Darasi: Yadda Za Mu Dasa Zogale Daga Reshe a Cikin Gidajenmu

A shekarun da rashin tsaro ya hana iyalai da yawa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa zuwa gonakinsu na nesa, mun koyi abu guda: abincin da ke cikin gida shi ne ba a tare wa hanya. Saboda haka darasinmu na wannan karo a kan zogale ne, da yadda za mu yawaita shi ba tare da sayen iri ba.

Me ya sa zogale?

Asalin zogale daga arewacin Indiya ne, amma ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa. Ganyensa yana ɗauke da bitamin A mai taimakon ido, da sinadaran ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi. Idan aka shanya shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa abinci ne mai gina jiki. A shekarar 1997, ƙungiyar agaji ta Church World Service ta fara gwaji a yankin Kasamans na ƙasar Senegal, inda aka riƙa zuba garin ganyen a abincin yara masu tamowa da na mata masu shayarwa. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka sa duniya ta waiwayi itacen da muke kwaɗo da shi tun kakanni. Sai dai mu lura, zogale ƙari ne a kan tuwo da wake. Yaron da ya rame ƙwarai, asibiti za a kai shi.

Iri ko reshe?

Ana iya shuka ƙwayar, takan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma reshe ya fi saurin ba da ganye, kuma sabon itacen yakan ɗauko halin uwarsa sak. In maƙwabcinmu yana da zogale mai yawan ganye marar ɗaci, reshensa zai ba mu irinsa. Aibin reshe shi ne ba ya yin doguwar saiwa mai nitsewa ƙasa kamar ta ƙwaya, don haka iska takan kayar da shi, kuma ya fi jin ƙishi da rani.

Matakan dasawa

1. Mu zaɓi itace lafiyayye wanda ya kai shekara ɗaya ko fiye. Reshen ya zama ya ƙosa, kada ya zama ɗanye shataf.

2. Mu sare reshe mai tsawon kamu biyu, wato kamar mita ɗaya, kaurinsa kuma kamar ƙotar fartanya. A yi amfani da adda mai kaifi don kada ɓawon ya yage. A tsige ganyen duka.

3. Mu yi wa gindin alama tun a wurin sara. Reshen da aka dasa kai a ƙasa ba ya yin kirki.

4. Mu jingine shi a inuwa kwana uku domin bakin saran ya bushe.

5. Mu haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, faɗinsa ma haka. A cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin gida. Inda ƙasa take da laka, a ƙara yashi.

6. Mu binne kashi ɗaya cikin uku na reshen, mu danne ƙasar da ƙafa, mu tara ta a gindin kamar ɗan tudu don ruwa ya riƙa gangarewa.

7. In shinge muke so, mu bar tazarar mita ɗaya ko ƙasa da haka. In itace mai ba da 'ya'ya ne, mita uku.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, kamar watan Yuni, bayan ruwa ya zauna. A watan Agusta ƙasa takan jiƙe sharkaf, reshe kuwa ya ruɓe kafin ya yi saiwa.

Abokan gāba guda uku

Na farko, yawan ruwa. Mu kanmu mun taɓa yin wannan kuskure. Mun dasa rassa kusa da wurin wanke-wanke muna zaton gata muka yi musu, kafin wata ya cika gindinsu ya yi laushi, suka mutu. Zogale yana jure ƙishi, amma ba ya jure kwana cikin ruwa.

Na biyu, gara. Mu zuba toka da dakakken ganyen bedi, wato dogon yaro, a cikin ramin da kewayen gindin. Kada mu sa ɗanyen taki ko kara kusa da reshen, gama su ne ke kiran ta.

Na uku, awaki. Akuya ɗaya tana iya cinye tohon wata biyu kafin a sauke tukunya. Mu kewaye kowane reshe da ƙaya tun ranar dasawa.

Bayan ya kama

Toho yakan bayyana cikin 'yan makonni, amma toho ba shaidar saiwa ba ne. Kada mu jijjiga reshen ko mu yi gaggawar tsinka. Idan sababbin rassa sun kai tsawon hannu, mu datse kawunansu domin itacen ya yi yaɗo, ganye ya tsaya inda hannun mace ko yaro zai kai. Ganyen da za mu ajiye, a inuwa za mu shanya shi, domin rana tana rage bitamin ɗinsa. A daka, a tankaɗe, a rufe a mazubi mai murfi, a riƙa zuba cokali ɗaya a kunu ko miya bayan an sauke.

Tambayoyi don tattaunawa

• Gidaje nawa ne a ƙauyenmu ba su da zogale ko guda?
• Su wa ke da itace mai kyau da za su ba da rassa kyauta?
• Zumuntar mata da matasa za su iya sa rana guda a watan Yuni don dasa wa gwauraye, tsofaffi da baƙin da suka baro ƙauyukansu?

Itace ɗaya da aka sassabe yana iya ba gidaje da dama reshe, shi kuma ya sake toho kamar ba a taɓa shi ba. Bari kowa ya duba bayan ɗakinsa tun yau, ya zaɓi inda ramin farko zai kasance.