Turancin da Baƙo Ke Bukata a Jos

Ɗan'uwa da ka taso daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa ka sauka a Jos, abin da zai fara kwantar maka da hankali shi ne Hausarka ta ishe ka. A kasuwar Faringada da Hausa za ka sayi tumatir da dankalin turawa a hannun Birom da Angas, a Gangare da Unguwar Rogo kuwa kamar kana gida. Tun zamanin haƙar kuza Hausa ta zama harshen ciniki a Filato. Wannan sauƙin ne ke sa mutum ya yi shekara da shekaru bai kula Turanci ba, sai ranar da aka miƙo masa fom a banki ko a asibitin koyarwa da ke Lamingo, ya tsaya riƙe da biro yana neman mai taimako.

Don haka fara da Turancin takarda. "Surname" sunan mahaifi ne ko na kaka wanda gidanku ke amsawa, "first name" sunanka na yanka. Yadda ka jera su a fom na farko, haka za ka riƙa jera su kullum, domin saɓanin suna tsakanin banki da layin waya kan jawo zirga-zirga mai cin rai. "Next of kin" shi ne wanda za a nema idan wani abu ya same ka. A kwalin magani, "twice daily" sau biyu a rana, "before meal" kafin cin abinci. Waɗannan sun fi gaisuwar Turanci amfani nesa ba kusa ba.

Sai ƙirga. Kunnen baƙo kan rikita "fifteen" da "fifty", wato 15 da 50, kuma ɗan kasuwa ya ce "two five" yana nufin naira 2,500. In ka yi shakka, miƙa wayarka a danna maka lambar. Mai keke ya ce maka "drop", shata yake nufi, kai kaɗai za ka biya kuɗin kujerun duka.

Wanda ya yi lakwal yana da jari, don kalmomi da yawa rubutunsu kusan ɗaya ne da na Faransanci, lafazi ne ya bambanta. Hausar Najeriya ma ta riga ta haɗiye wasu: rasit, kati, layi, ofis, canji.

Ajiye ƙaramin littafi a aljihu, ka riƙa kwafe abin da ke jikin allunan shagunan titin Ahmadu Bello, da yamma ɗan firamaren maƙwabta ya karanta maka. In ka ci karo da ƙamusun Turanci da Hausa na Neil Skinner, kada ka bar shi.

Kafin kunnenka ya buɗe, don Allah kada ka sa hannu a takardar haya ko ta bashi sai wanda ka amince da shi ya fassara maka ita layi-layi.