Darasin Kimiyya: Yadda Ake Farfaɗo da Kangon Masana'antu na Bakin Ruwa

Manufar darasi

Ɗalibai, a ƙarshen wannan darasi ana so ku iya bayyana abin da ke damun filayen da masana'antu suka bari a gaɓar kogi ko teku, da yadda ake mai da su wurin shan iska wanda kuma zai kare gari daga ambaliya.

1. Yadda kangon ya samu

A da, masana'antu suna kafuwa ne a bakin ruwa, domin ta jirgin ruwa ake kawo kaya, da ruwan kuma ake sanyaya injuna. Daga shekarun 1960, da aka koma ɗaukar kaya a kwantena, manyan jirage suka buƙaci ruwa mai zurfi da fili mai faɗi. Sai tashoshin jiragen ruwa suka tashi daga tsakiyar birane, suka bar rumbunan ajiya da ƙarafa suna tsatsa.

2. Matsala ta farko: gubar ƙasa

Inda aka shekara da shekaru ana narka ƙarfe ko ajiye mai, ƙasa takan sha dalma da baƙin mai da sauran sinadarai. Haɗarin dalma ba baƙo ba ne gare mu: a 2010 ɗaruruwan yara sun rasu a Zamfara saboda ƙurar duwatsun zinare mai ɗauke da ita, kuma cikin matakan da aka ɗauka har da kwashe ƙasar tsakar gidaje a zuba sabuwa.

Ga uku daga cikin hanyoyin gyara. Ko a kwashe gurɓatacciyar ƙasa a binne ta a keɓaɓɓen wuri. Ko a rufe ta da yumɓu, a ɗora tsabtatacciya a kai. Ko a bar ƙwayoyin bakteriya su cinye man da ke ciki. Ku lura, bakteriya na iya narkar da mai, amma dalma ba ta ruɓewa. Sai dai a kwashe ta ko a kange ta.

3. Matsala ta biyu: ruwa ya rasa wurin zama

Mu yi ɗan lissafi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka yi ruwan sama mai milimita 50, ruwan da ya sauka a kanta ya kai lita 500,000. Idan siminti ko kwalta ne a shimfiɗe, kusan duka ruwan zai kwarara nan take zuwa magudana. Idan kuwa ƙasa ce mai ciyawa, kaso mai yawa zai nutse, sauran ya gangara sannu a hankali.

Akwai kuma ambaliyar da ke zuwa daga kogin kansa ko daga teku. Katangar siminti takan tare ta har zuwa wani tsayi, amma ranar da ruwa ya haura, babu abin da zai rage masa ƙarfi. Fadama kuwa, da ciyayinta da laka, tana sassauta gudun ruwa, ta riƙe shi na ɗan lokaci. Wannan shi ne jigon darasin: ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda aka hana wurinsa zai nemi wani.

4. Misali daga Sin

A birnin Shanghai, a gaɓar kogin Huangpu, akwai wurin shaƙatawa na Houtan mai hekta 14, wanda aka buɗe a 2010. A da masana'antar ƙarfe da wurin gyaran jiragen ruwa ne. Kamfanin Turenscape na Kongjian Yu ya haƙa fadama mai tsawon kilomita 1.7 a tsakiyarsa. Ana ɗebo gurɓataccen ruwan kogin, ya gangara ta matakalai, ya ratsa ciyayin ruwa. Laka tana kwantawa, saiwoyi suna zuƙe sinadarai, zubowar ruwan kuma tana ƙara masa iska. An tsara shi don ya tace lita miliyan 2.4 a kullum. Idan kogi ya cika, fadamar ce ke karɓar rarar.

5. Misali daga Jamus

Birnin Hamburg ya rasa mutum sama da 300 a ambaliyar 1962. Da aka zo gina unguwar HafenCity a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta kogin Elbe, sai aka ɗora gidaje da tituna a kan tudun da aka cike, kimanin mita 8 sama da teku. Hanyoyin yawo na bakin ruwa kuwa an bar su a ƙasa da gangan. Idan ruwa ya taso sai ya shafe su, ya janye, a share, jama'a su dawo.

Aikin gida

Ku zuba lita ɗaya ta ruwa a kan daɓen siminti, wata a kan rairayi, wata a kan ciyawa. Ku rubuta inda ruwan ya tafi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Sannan ku amsa: me ya sa ya zama dole a gwada ƙasa kafin a bar yara su yi wasa a tsohon filin masana'anta? A kawo amsa a darasi mai zuwa.