Daga shagon caji zuwa ajin injiniyanci: hanyoyin da ke gaban ɗalibin Birnin Gwari

Darasin yau na ɗaliban sakandare ne da waɗanda suka gama suna zaune a gida, musamman na yankin Birnin Gwari: Kuyello, Dogon Dawa, Randagi da Kakangi. Kowa ya san abin da yankin ya gani. An rufe makarantu da dama saboda 'yan bindiga, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, a ƙarshen 2021 kuma gwamnati ta katse sabis ɗin waya na tsawon makonni. Tun bayan sulhun Nuwamban 2024 da aka sake buɗe kasuwar shanu, al'amura sun ɗan lafa, yara da yawa suna son komawa karatu. Cikinsu akwai masu gyaran waya, masu haɗa sola, masu kwance janareta su mayar da shi. Tambayarsu ɗaya ce: ta ina ake bi a zama injiniya?

Kafin mu je ga makarantu, bari mu yi wani lissafi tare, don ka ga menene aikin injiniyan.

A ce kana son buɗe wurin cajin waya da sola, kana sa ran waya 40 a rana. Duba kwalin wayarka, za ka ga an rubuta ƙarfin batirin, a ce 5000mAh. Raba da 1000, ka samu 5. Ninka da bolt ɗin batirin, wanda yake kusan 3.8, ka samu 19. Wato waya ɗaya tana shan wat-awa 19 kafin ta cika. Waya 40 kenan wat-awa 760. To amma wuta ba ta isa wayar gaba ɗayanta. Wata tana tafiya a zafin caja, wata a inbata, wata a wayoyin haɗi. Idan muka ɗauka kashi 70 cikin 100 ne ke isa, sai mu raba 760 da 0.7, mu samu kusan 1,100. A arewacin Najeriya akan yi lissafi da kamar awa 5 na rana mai ƙarfi a yini. Raba 1,100 da 5, ka samu wat 220. Don haka faifan sola mai wat 250 zai ɗauki aikin, idan kuma ka tuna da damina da hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kan faifan, sai ka ƙara sama da haka.

Saura batir. Idan rabin wayoyin da dare za a kawo su, kana bukatar ajiye wat-awa 550. Raba da bolt 12, ka samu kusan 46Ah. Batirin ruwa ba a so a zuƙe shi fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri, saboda haka mai 100Ah za ka saya. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗin batir ne saboda wannan layi ɗaya da ba su lissafa ba.

Idan ka bi wannan lissafi ka ji daɗinsa, to kana da kan injiniya. Abin da ya rage takarda ce, kuma a nan ne yawancin yaranmu ke tuntuɓe.

Tuntuɓen farko a SS1 yake. Yaro ya gama JSS3, aka ce masa babu malamin Fiziks, ko abokansa duk sun tafi ajin Art, sai ya bi su. Shekara uku bayan haka ya zo cike JAMB ya tarar ƙofar a rufe. Duk wani kwas na injiniyanci yana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma huɗu daga ciki ba a sasauta su: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Su ne kuma darussa huɗun da za ka zauna wa a jarabawar JAMB. Idan makarantarku ba ta da ajin kimiyya, wannan magana ce da ya kamata ka kai wa iyayenka tun yanzu, ko da za a mayar da kai wurin dangi a Kaduna, Zariya ko Funtuwa. Wanda hannunsa ya fi ƙarfi a sana'a yana iya neman kwalejin fasaha irin ta Malali da ke Kaduna, inda ake fita da NABTEB.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babbar wahala: lambar da za ka tura NIN ɗinka da ita zuwa 55019 don karɓar lambar rajistar JAMB, ka tabbata layinka ne, kuma kada ka bari ya ɓace. Kada ka yi amfani da layin mai kafe.

Daga nan hanya ta rabu uku. Ta farko jami'a kai tsaye. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962, tana da injiniyancin gine-gine, na injina, na lantarki, na sinadarai, na noma, na ruwa, na kwamfuta da na sadarwa. Karatun shekara biyar ne, a shekara ta huɗu kuma ana tura ɗalibi wata shida ya yi aiki a ma'aikata ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF. A cikin garin Kaduna akwai AFIT ta sojojin sama, wadda ke ɗaukar farar hula, ta kuma yi suna a injiniyancin jiragen sama. Gasar shiga waɗannan wurare tana da zafi, don haka makin da ya kai ka wani kwas ba lallai ya kai ka nan ba.

Ta biyu ta wanda maki ya gaza masa ne ko yake da giɓi a takardunsa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, wato SBRS, kuma ga mutumin Birnin Gwari Funtuwa ba baƙon gari ba ce. Akwai kuma IJMB, wadda idan ka ci da kyau za ka nemi shiga aji biyu na jami'a.

Ta uku ita ce aka fi rainawa, ni kuwa ita nake ganin ta fi dacewa da yaron da ya riga ya iya riƙe abin walda da mita. Kaduna Polytechnic ta faro tun 1956 a matsayin makarantar koyon fasaha, ga kuma Nuhu Bamalli a Zariya. Shekara biyu ka samu ND, ka yi shekara ɗaya ta aiki, sannan ka koma HND na shekara biyu, ko kuma idan sakamakonka ya yi kyau ka nemi jami'a ta hanyar DE. Amfaninta shi ne bayan shekara biyu kana da takardar da za ka ci abinci da ita ko da kuɗin ci gaba ya yanke. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ya kuma shugabanci hukumar ƙera motoci ta NADDC daga 2017, ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya bi kafin ya tafi Detroit. Sai dai a faɗi gaskiya: hukumar COREN, wadda ke yi wa injiniyoyi rajista, ba ta ajiye mai HND a mataki ɗaya da mai digiri. Kafin ya kai matakin cikakken injiniya sai ya ƙara karatu, yawanci PGD. Gara ka san haka tun daga farko.

Wajen zaɓen fanni, duba abin da ke ƙasarku. Yankin da ake haƙar zinare yana bukatar masu ilimin ma'adinai da sarrafa ƙarafa, kuma ana koyar da su a Zariya da Kaduna. Ƙasar masara ce, tana bukatar wanda ya san injin ban ruwa da na casa. Ba kowa ne zai zama mai rubuta manhaja ba.

Maganar kuɗi kuma, akwai hukumar tallafin karatu ta jihar Kaduna, akwai PTDF mai tallafa wa fannonin da suka shafi mai da iskar gas, sannan daga 2024 akwai lamunin ɗalibai na NELFUND ga 'yan makarantun gwamnati. Lamuni ne, za a biya bayan an fara aiki. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ya ce ka biya kuɗi kafin a sa sunanka a tallafi, ɗan damfara ne. 'Yan mata kuma su nemi ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN, tana da shirye-shiryen jawo 'yan makaranta mata zuwa wannan fanni.

Kafin duk wannan ya zo, wayar da ke hannunka za ta iya cike wani ɓangare na giɓin ɗakin gwaji. Tunda sabis a yankin ba shi da tabbas, ranar da ka shiga gari ka samu netwok mai kyau, sauke abin da zai yi aiki ba tare da data ba. Manhajar phyphox, wadda wata jami'a a birnin Aachen na Jamus ta yi, kyauta ce, tana amfani da na'urorin da ke cikin wayar ta auna sauti, motsi da maganaɗisu. GeoGebra tana zana maka jadawalin lissafi. Khan Academy tana barin ka sauke bidiyon darasi ka kalla daga baya. Da Kiwix kuma za ka ajiye Wikipedia a cikin memori.

Ga aikin gida na wannan mako. Samu zare, ɗaura ƙaramin dutse ko kwaɗo a ƙarshensa, ka rataye shi a ƙofa yadda tsawonsa daga inda aka ɗaura zuwa tsakiyar dutsen zai zama mita ɗaya daidai. Ja shi gefe kaɗan ka saki. Da agogon wayarka, auna lokacin da zai yi tafi-da-dawo sau 20. Za ka samu kusan daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 kowane zagaye. Ninka 2 da kanta, ka samu 4. Raba 39.5 da wannan 4, amsar za ta faɗo kusa da 9.8, ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Irin wannan gwaji yana fitowa a jarabawar Fiziks ta aikace ta WAEC. Sake yi da zare mai rabin mita: wannan karon sai ka ninka 39.5 da 0.5 kafin ka raba, ka rubuta abin da ka samu a littafi, ka gani ko amsar ta canza.