Darasin Wannan Juma'a: Kame Kai Bayan An Bar Ƙwaya

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yan'uwa, a unguwanninmu na Jos, daga Gangare zuwa Rikkos da Unguwar Rogo, da wuya ka samu wanda bai san gidan da shaye-shaye ya taɓa ba. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya na ta'ammali da su. Darasinmu na yau kan wanda ya riga ya daina ne, amma har yanzu zuciya na fizgarsa.

Hodar iblis da ayis suna tilasta wa ƙwaƙwalwa ta zubo sinadarin jin daɗi fiye da kima. In mutum ya daina, sai barci mai yawa, yunwa, kasala da baƙin ciki su biyo baya. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai ce wa mutum "dakata", yana raunana, kuma sai an yi watanni kafin ya murmure. Don haka wanda ya tuba da gaske ma zai iya jin ƙwaya na kiransa, kuma wannan ba alamar munafunci ba ce.

Ga abin da ya kamata a riƙe: sha'awar takan taso, ta yi ƙarfi, sannan ta lafa da kanta, galibi cikin rabin awa. Aikin mai murmurewa shi ne ya tsallake wannan ɗan lokacin.

1. Tashi daga inda kake. Yi alwala, yi nafila raka'a biyu, ko ka taka zuwa masallaci.
2. Kira mutum ɗaya da kuka yi alkawari da shi tun farko, ka ce masa "ta taso mini". Kada ka ji kunya.
3. San abin da ke tayar maka da ita: tsohuwar majalisa, fushi, gajiya, kaɗaici, ko kuɗi a aljihu. Goge lambar dila. In ka yi ciniki a Farin Gada ko Katako, miƙa kuɗin ga yayanka kafin magariba.
4. Ci abinci a kan lokaci, ka kwanta da wuri.

Iyaye da iyayen gida, mari da duka da gori ba sa warkarwa, sai dai su sa yaro ya ɓoye muku. Ku tuna ko haramcin giya mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i kafin Ma'ida ta yanke hukunci. In ya zame ya sake sha, a ɗora daga gobe, kada a yanke ƙauna.

In ya fara maganar kashe kansa, ko yana jin muryoyi, ko yana zargin kowa na binsa, a kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na JUTH ba tare da jinkiri ba. Mai shan tiramol kuwa ya nemi likita kafin ya daina kwatsam. Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara. Addu'a da magani tare suke tafiya.

Allah Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya ba masu fama ikon kame kansu. Amin.