Ƙuma da Yadda Ake Raba Gida da Shi

A cikin ƙwarin da ke zaune tare da mu a gida babu wanda ake rainawa kamar ƙuma. Sauro yana da kuka, kuɗin cizo yana da wari, kwarkwata kuwa abin kunya ce ga mai ita, saboda haka kowa yana yaƙinsu. Amma ƙuma, sai a ce ai na kaji ne da karnuka, a sosa ƙafa a wuce. To, 'yan'uwana, yawancinmu in mun fita daga wannan makaranta ƙauyuka za a aika da mu, inda malamin makaranta shi ake tambaya kome, har sha'anin lafiya. Ya kamata mu san wannan ƙwaro tun muna nan.

Ƙuma ba shi da fiffike. Jikinsa a matse yake ta gefe da gefe, shi ya sa yake ratsa gashin dabba ba wuya, ƙafafunsa na baya kuwa suna da ƙarfi har yakan yi tsallen inci 7 sama. Irinsa ya fi 2,000 a duniya, amma waɗanda suka dame mu kaɗan ne: na kyanwa, wanda shi ne kuma ya fi yawa a jikin karnuka da 'yan awaki, na kaji, wanda ke kafa baki a zanko da gefen ido ya ƙi saki, da na ɓera, wanda ya fi su duka mugunta.

Abin da ya kamata a riƙe da kyau shi ne yadda yake haihuwa, gama a nan yawancin mutane ke yin asarar kuɗinsu. Macen ƙuma in ta sha jini takan yi ƙwai kamar 40 ko 50 a yini guda. Ƙwan fari ne, santsi gare shi, ba ya manne wa gashi, sai ya zube duk inda dabbar ta kwanta: a tabarma, a turke, a akurki, a tsagar daɓe. Bayan 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe wata 'yar tsutsa marar ido da ƙafa. Ita ba ta cizo, tana gudun haske, ta shige cikin ƙura, abincinta kuwa kashin manyan ƙuma ne, watau busasshen jini. In ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta gida, ƙura ta lulluɓe shi, ta kwanta ciki har ta rikiɗa. In akwai ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babba bai wuce mako 2 ko 3 ba.

Amma fa wanda ke cikin saƙar nan ba ya gaggawar fita. Yakan yi watanni a kwance, sai ya ji takun ƙafa, ko ɗumin jiki, ko numfashi, sa'an nan ya fasa ya fito da yunwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗakin da aka kulle lokacin dogon hutu, ran da aka buɗe shi, ƙuma ke rufe ƙafafun wanda ya fara shiga, har a yi ta mamaki ina ya fito. Yana nan tun da, jira yake yi. Waɗanda ake gani suna tsalle kuwa kaɗan ne ƙwarai bisa ga ƙwai da tsutsotsin da ke ƙasa. Wanda ya wanke karensa ya bar makwancinsa, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Da a ce ƙaiƙayi ne kaɗai ɓarnarsa, da da sauƙi. Ƙuman ɓera shi ke ɗaukar annobar nan mai fid da kaluluwa, wadda ta kashe wajen sulusin mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Likita Yersin ya gano ƙwayar cutar a Honkon cikin 1894, likita Simond kuma ya nuna a Karaci cikin 1898 cewa ƙuma ne ke kai ta daga ɓera zuwa wani. Wannan irin ƙuma ma a Shendi ta ƙasar Sudan aka samo shi, aka raɗa masa suna cikin 1903. Hanyar kuwa abin al'ajabi ce: ƙwayoyin cutar sukan yi yawa a cikin ƙuman har su toshe masa maƙogwaro, sai yunwa ta haukata shi, ya yi ta cizo, jinin ba ya wucewa, yana dawo da shi cikin raunin tare da cuta. Kada a ce labarin nesa ne. Annobar ta sauka a Ankara ta ƙasar Gana cikin 1908, ta shiga Ikko cikin 1924 ba ta rabu da garin ba sai 1931, a Madagaska kuwa ta kama mutum fiye da 2,000 cikin 2017.

Yanzu sai aikin. Da fari a san inda yake. A zuba ruwan sabulu a faranti, a ajiye kusa da fitila a ƙasa, a kwana. In akwai ƙuma za a tarar da su a ciki da safe. Sa'an nan a zaɓi rana guda a yi wa dabba da ɗaki da tsakar gida gaba ɗaya, gama in an rarraba, wanda aka bari shi zai sake cika wanda aka gyara. A fitar da tabarmi da buzaye da barguna, a wanke na wankewa da ruwan zafi da sabulu, a shanya sauran a rana tsaka. A share ɗaki har ƙarƙashin gado da kusurwoyi, sharar kuwa a ƙone ta, kada a tara ta a bayan ɗaki. A liƙe tsagar daɓe da ta bango. Tsohuwar shimfiɗar akurki da ta turke a kwashe a ƙone, a yanke ciyawa da duhuwar da ke hana rana shiga. Tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa, saboda haka hunturu da zafin rana mataimakanmu ne, damina kuwa ita ce lokacin sa ido.

Game da magani, a nemi shawarar likitan dabbobi, kada a yi ka. Maganin da ake kira farmetirin yana yi wa kare amfani, amma yana kashe kyanwa. Maganin feshin gona da wanda ake sayarwa a kwalabe marasa takarda ba na jikin dabba ba ne, ba kuma na ɗakin da yara ke kwana ba. Kazar da ƙuma ya kafe mata a fuska, a shafa mata man basilin a wurin, ban da cikin ido, zai toshe masa numfashi. Ko wane magani aka sa, ba ya ratsa saƙar nan da na faɗa, don haka tilas a maimaita shara kullum, a sake magani bayan mako 2, a yi ta bi har wata 2 ko 3. A nan ne mutane ke gajiya su ce maganin jabu ne, alhali sababbi ne ke fitowa.

Saura ɓera. A rufe hatsi, a ɗaga rumbu bisa duwatsu, a toshe ramuka. Amma inda ake tsoron annoba, ƙuma ake fara kashewa kafin ɓera, gama ɓera in ya mutu jikinsa ya yi sanyi, ƙuman da ke kansa sukan watse su nemi jinin mutum. In aka ga ɓeraye suna mutuwa da kansu a unguwa ba wanda ya sa musu guba, kada yaro ya taɓa su da hannu. A ɗauke su da shebur a binne da zurfi, a sanar da duba-gari ko asibiti a ranar.